Kafin ku kai ƙarar wasa wajen kamfaninsa, ku riƙe shaida

Ƴan uwa masu PS4 a Maradi, don Allah in wasa ya tsaya ya fito da lamba irin CE-34878-0, kada ku yi saurin kashe na'ura. Ku ɗauki hoton lambar da waya tukuna. In kuskuren cikin wasan ne, ku danna maɓallin Share a manet, ku zaɓi adana bidiyon abin da ya wuce. Ni ƙarar da na fara aikawa cewa kawai na yi "wasa ba ya tafiya", shiru har yau. Don haka cikin ƙararku ku rubuta sunan wasa, sigarsa, lokacin da abin ya faru da abin da kuke yi, ko da Faransanci ne. Amma in matsalar ta haɗuwa da wasu ƴan wasa ta intanet ce, ku fara gwada rezo a na'urar: in ya nuna NAT 3, wato layi mai takura haɗuwa, sau da yawa matsalar daga layinku take.