Idan gwaji ya nuna ciwon hanta nau'in C

Mutane da yawa a Kano ba sa sanin suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in C sai ranar da suka je ba ɗan'uwa jini, ko wajen gwajin aure. Tana iya shekara 20 a jiki ba zazzaɓi, ba shawara, tana ta kumbura hanta a ɓoye. Duk inda kumburin ya warke sai ya bar tabo, tabo kan tabo har hanta ta taurare ta motse. Daga nan ne ciki ke tara ruwa, ƙafa ta kumbura, a yi aman jini, wani lokacin har ciwon daji ya biyo baya.

Kada a tsaya kan gwajin gaggawan nan na ɗigon jini. Shi dai yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne, kuma kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kawar da ita da kansa cikin wata shida. Gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar ita kanta a cikin jini, shi ke tabbatar da tana nan. Idan ya tabbatar, a nemi likitan hanta, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba aikin hanta da ƙoda, a ƙirga ƙwayoyin daskarar da jini, a yi hoton ciki. Lallai a haɗa da gwajin nau'in B, domin maganin C kan tayar da B da ke kwance.

Cutar tana warkewa, fiye da kashi 95 cikin 100. Yawanci maganinta sofosbuvir miligiram 400 ne da daclatasvir 60, ko sofosbuvir da velpatasvir a ƙwaya ɗaya, sau ɗaya kullum har mako 12; wanda hantarsa ta taurare ana iya kai shi mako 24. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya sayi na wata ɗaya, kuɗi ya yanke, ya tsaya. Gara a tanadi na wata ukun kafin a haɗiyi ƙwayar farko. A kuma nuna wa likita duk abin da ake sha: rifampicin na tarin fuka da carbamazepine na farfaɗiya suna karya ƙarfin maganin, amiodarone na ciwon zuciya kuwa idan ya haɗu da sofosbuvir yana iya rage bugun zuciya ƙwarai. Giya da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, a rabu da su.

Mako 12 bayan shan ƙwayar magani ta ƙarshe a sake PCR. Shi ne shaidar warkewa, ba jin ƙarfin jiki ba.

Nau'in C ba shi da allurar rigakafi, kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa. Ta jini take shiga, ba ta cin abinci a kwano ɗaya ba. Ka je wa wanzami da askarka, mai yankan farce ya ɓare sabuwar reza a gabanka, sirinji kuma a buɗe shi daga ledarsa kana gani. Wanda hantarsa ta riga ta taurare zai ci gaba da hoton ciki duk wata shida, ko bayan ƙwayar cutar ta tafi.