Yadda na sa KC 85/3 ta karanta kaset

Kwana uku ina fama da KC 85/3, kwamfutar Jamus ta Gabas da ta fito a 1986. Lafiya lau take tashi, amma da na buga LOAD, umarnin ɗauko manhaja daga kaset, na kunna kaset, sai ta ɗauko rabi ta cije. Har na fara zargin U880, wato na'urar sarrafa bayanai (processor) da ke cikinta, ashe laifin rakoda ne. Na goge kan da ke karanta kaset da auduga da sipirit, audugar ta fito dumu-dumu da dauɗa. Sannan na riƙa murɗa ɗan sukurun gefensa a hankali ina kasa kunne, har ƙarar ta washe tar. Na sake LOAD, lambobin da ke nuna ci gaban lodin suka jero har ƙarshe. Wallahi sai da na miƙe tsaye don murna.