Yadda ake warware shari'a a wasan Hayarigami ba tare da an ɓata maki ba

Hayarigami wasan ban tsoro ne na kamfanin Nippon Ichi Software na Japan, ya fara fitowa a 2004 a kan PlayStation 2. Babu harbi, babu gudu. Karatu ne da zaɓi: kana cikin rigar ɗan sanda Kazami Junya a hedikwatar 'yan sandan Tokyo, ana miƙo muku shari'o'in da suka yi kama da labaran "an ce, ka ce" na birni. Sunan ma daga al'adar ƙasar aka ɗauko shi, kalma ce da ake kiran abin bautar da ya yi tashe farat ɗaya, jama'a suka yi masa caa, sannan aka watse aka manta da shi.

Wanda zai fara yau, ya nemi kunshin Hayarigami 1・2・3 da aka fitar a 2023 a kan Switch, PS4 da PS5, domin ya haɗa na 2004 da na 2007 da na 2009 wuri guda. Waɗannan na'urori ba sa ƙin faifai ko katin da aka sayo daga Japan, amma sayen wasan don saukewa ta intanet sai ka buɗe asusu da adireshin Japan. Tsohuwar PS2 kuwa tana da kullen yanki, faifan Japan ba zai tashi a kan ta Turai ba. Kada ka fara da jerin Shin Hayarigami da ya soma a 2014. Jarumarsa daban ce, Hojo Saki, na farkonsa ya jingine tsarin rabuwar hanya biyu da za a bayyana a nan, kuma jini ya yi masa yawa har aka sa masa tambarin 'yan shekara 18 zuwa sama.

Rubutun da Japananci yake. Kyamarar waya mai fassara tana fitar da kai kunya a jimlolin labari, amma a kan sunaye take yin tuntuɓe, domin harafin kanji yana da ma'ana kuma yana da karatu fiye da ɗaya. Sunan Kazami haruffa biyu ne, iska da teku. Shugabarsa Indo Ranko (ba Indon da ka sani ba) ana rubuta sunanta da harafin kare da na yaro, ga shi tana magana da karin harshen Osaka, sai ka ga fassarar ta koma shirme. Maganinsa littafi da biro: duk sunan da ya fito, kwafi siffarsa yadda take, ka rubuta wane ne a gefe. Za ka gode wa kanka idan aka zo allon alaƙa, inda ake haɗa wa ya shafi wa a shari'ar.

Galibi shari'a tana rabuwa gida biyu, hanyar kimiyya da hanyar ƙwanƙwamai, wato ta ɓoye. Mutum biyu ne ke jan ka: Shikibu Hitomi, likitar binciken gawa, wadda ba ta yarda da abin da ba a auna ba, da Kirisaki Suimei, malamin jami'a masanin al'adun gargajiya. Inda ake rabuwar shi ne wurin da wasan yake tsayar da labari, Kazami ya shiga yi wa kansa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana zaɓar amsa. Nan ne sababbi suke yin ɓarna. Amsar farko sai su ce dabarar mutum ce, ta biyu su ce aljani ne, ta uku su koma kan mutum. Tambayoyin a sarƙe suke, kowace tana hawa kan ta baya, don haka tunanin da ya saɓa wa kansa yana kai ka ga gurguwar matsaya, wani lokaci ma ga mummunan ƙarshe tun shari'ar ba ta nuna ba. Kafin ka taɓa amsar farko, yanke shawara a ranka: wannan zagayen na kimiyya ne ko na ɓoye. Sai ka riƙe shi har ƙarshe, ko da zuciyarka ta fi karkata ga ɗayan.

Ɗauki shari'ar Kokkuri-san, wadda ta shafi ɗalibai mata a wata makarantar sakandare. Kokkuri-san abu ne da yaran Japan suka sani: a zana ƙofar wurin bauta a saman takarda, a rubuta "e" da "a'a", a jera haruffa da lambobi, a ɗora kwabon yen 10, kowa ya sa ɗan yatsa a kai, a kira, kwabo ya riƙa zamewa yana harhaɗa amsa. Dokarsa ita ce ba a ɗage yatsa sai an sallami baƙon. Idan hanyar kimiyya ka ɗauka, amsoshinka su tsaya kan motsin tsoka da mutum ba ya sanin yana yi, da tsoron da ke yaɗuwa tsakanin yara, da tambayar wa zai ci riba idan aka tsorata. Wannan bayani ya girme wa wasan nesa ba kusa ba, Inoue Enryo ya yi shi a Japan tun wajen 1887. Idan kuma ta ɓoye ka bi, ka ɗauki dokar da muhimmanci: wa ya karya ta, yaushe, me ya biyo baya.

Sai makin ƙarfin hali. Wasu zaɓuɓɓuka suna ɗauke da alama, ba sa danuwa sai ka biya da maki, kuma makin ƙididdigagge ne. Wanda ya yi ta watsa shi a farkon babi, wajen tsokanar Kogure Soichiro, ƙaton abokin aikin nan mai tsoron fatalwa, zai iso gaban mai shaidar da ya kamata a matsa wa ya tarar aljihu wayam, zaɓin yana kallonsa ba halin taɓawa. A zagayen farko ka kashe shi kawai inda za a sami sabon bayani: buɗe ƙofar da aka hana, ko yi wa babba tambayar da ba ya so.

Allon alaƙa shi ne jarrabawar gaske. Hotunan mutanen shari'ar ne da layuka a tsakaninsu da guraben da babu komai, kai za ka cike da kalmomin da ka tsinta cikin labari. Abu biyu ke kayar da mutane. Na farko, kalmar da ba ka ci karo da ita ba ba za ta bayyana a jerinka ba, saboda haka idan gurbi ya ƙi cikuwa, ba kaifin basira ka rasa ba, wani reshe ne ka tsallake. Na biyu, cikewa da wuri a manta. Wanda aka rubuta "mai shaida" a tsakiyar babi yana iya zama wanda ake zargi a ƙarshe, kuma amsar da ta dace a hanyar kimiyya ba lallai ta dace a ɗaya hanyar ba. Kafin ka miƙa, bi kowane layi da yatsa, ka duba inda kibiya ta nufa, domin "yana ƙin ta" da "tana ƙin sa" ba ɗaya ba ne. Da wannan allo ake yi maka daraja, S ce ƙololuwa, kuma wasu ƙarin babuka ba sa buɗewa sai an cika sharuɗɗa irin wannan.

Ka riƙa adana wasa a gurabe daban-daban, musamman dab da tambayoyin kai, don zagaye na biyu ya zo da sauƙi. Zagayen nan dole ne. An gina labarin yadda hanyar kimiyya za ta bar wani abu da bincike bai iya bayyanawa ba, ta ɓoye kuma ta bar hannun mutum a fili, sai an haɗa biyun hoton yake kusan cika. A nan ne kuma ake cike rumbun F.O.A.F. ("friend of a friend", wato abokin aboki), inda wasan yake tara bayanan jita-jitar birni da na al'ada da na aikin 'yan sanda. Wasu shafukansa suna maƙale a zaɓin da kowa ke gudu, har da waɗanda ke kaiwa ga mummunan ƙarshe, don haka bayan ka sami S, koma ka yi kuskuren da gangan.