Zaɓen Tayil ɗin Banɗaki a Tsohon Gida a Legas

Da farko, dubi abin da gidan yake da shi. Tsofaffin gidajen Agege da Surulere da yawa daɓen tarazo (siminti gauraye da ƙananan duwatsu da aka goge) gare su, don haka ɗauki hotonsa a waya, ka nemi launin da zai sajje da shi: ruwan madara, toka-toka ko kore mai haske.

Sannan a ƙwanƙwasa bangon. Inda ya yi ƙara kamar akwai rami a ciki, laima ta ci shi, a gyara filasta kafin komai. Damshin Legas ba ya yafewa.

Auna wurin, ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka.

A kasuwar kayan gini ta Orile, zuba ruwa kan tayil ɗin ƙasa ka shafa da hannu. Mai santsi bar shi, musamman in akwai tsofaffi a gida. Ni na fi son ƙarami, santimita 30 kan 30, don yana bin gangaren magudana.