Yadda malamin firamare zai shigar da na'ura cikin darasin kiɗa da waƙa

Yawancin masu koyar da waƙa a firamare ba makaɗa ba ne. Malamin aji ne mai koyar da lissafi da safe, kimiyya da hantsi, sai kuma a ce masa akwai minti talatin ko arba'in na kiɗa da waƙa a jadawali. Da yawansu ma nauyin ɗaga murya suke ji a gaban yara. Idan aka miƙa wa irin wannan malami kwamfuta da lasifika, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya kunna bidiyo, yara su zuba ido har a kaɗa ƙararrawa, a tashi babu wanda ya buɗe baki. Matakan nan an jera su ne don kauce wa haka. Yaro zai rera da bakinsa, ya tafa da hannunsa, na'ura kuma ta shigo a inda take yin abin da malami shi kaɗai ba zai iya ba.

Mataki na 1: Tsayar da abin da kake so yara su iya

Kafin ka taɓa kowace na'ura, rubuta jimla guda a littafin shirin darasinka. Misali: "Yara za su riƙe bugu ɗaya daga farkon waƙa zuwa ƙarshe ba tare da sun ƙara gudu ba." Ko kuma: "Za su bambance sautin da ke hawa da wanda ke sauka." Idan manhajar da ke burge ka ba ta taimaka wa wannan jimla ba, ajiye ta sai wani jiƙon.

Manyan hanyoyin koya wa yara kiɗa duk sun girmi kwamfutar da muke riƙewa a hannu. Zoltán Kodály na ƙasar Hungari, wanda ya rasu a 1967, ya ɗauki murya a matsayin kayan kiɗa na farko, ya ce a fara wa yaro da waƙoƙin harshen da ya tashi da shi. Carl Orff na Jamus da abokiyar aikinsa Gunild Keetman sun gina tasu hanyar a kan magana da tafi da buga cinya da ƙananan kayan kiɗa. Émile Jaques-Dalcroze na Suwizalan kuwa da motsin jiki ya fara. Kusan dukkansu jeri ɗaya suke bi: yaro ya ji, ya yi, daga baya ya gani a rubuce. Allon na'ura yakan juya wannan jeri, ya sa gani a gaba, shi ya sa dole malami ya riƙa lura.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki, kaɗan sun isa

Wayar hannu ɗaya da lasifika mai kyau sun isa a fara. Idan akwai majigi da kwamfuta, to madalla. A darasin waƙa lasifika ta fi allo muhimmanci, domin ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da kakkauran sauti, yaran bayan aji kuma ba za su ji bugun ganga ba sam. Je ka zauna a kujerar ƙarshe ka saurara kafin yara su shigo.

Ka fifita lasifika mai igiya. Haɗin Bluetooth yana jinkirta sauti, wani lokaci har kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A sauraron waƙa ba a lura da wannan, amma idan yaro ya taɓa hoton ganga a allo sai sautin ya biyo baya, bugun ya lalace ke nan. Ka kuma sauke duk abin da za ka kunna tun daren jiya, ka cika caji, ka katse kira da saƙonni idan an fara darasi.

Mataki na 3: Fara da bugu

Akwai ƙaramar na'ura mai ƙidayar bugu da ake kira metronom, wadda Johann Mälzel ya yi wa rajista a 1815. Yanzu manhaja ce ta kyauta a kowace waya. Saita ta a bugu 80 zuwa 90 a minti, yara su taka a tsaye, su tafa, sannan su ɗora waƙar da suka sani a kai. Daga nan sai wasan da ya fi koyarwa: rage sautin gaba ɗaya na tsawon bugu takwas, yara su ci gaba da tafi, sai ka dawo da shi. Kusan kullum za ka tarar sun riga na'urar, domin yara gudu suke ƙarawa idan suna jin daɗi. Ba sai ka yi musu faɗa ba, kunnensu zai gaya musu. Minti biyar ya isa, kada ƙas-ƙas ɗin ya zame musu sandar dogarawa.

Mataki na 4: Daidaita waƙar da muryar yara

Waƙoƙin da ke intanet manya ne suka rera mafi yawansu, a matakin muryar manya. Ƙaramin yaro yana jin daɗin rerawa ne daga wajen "do" na tsakiyar fiyano zuwa sauti shida ko takwas a samansa. Idan waƙa ta yi ƙasa sai ya koma gunaguni, idan ta yi sama sai ihu, malami kuma ya ɗauka yaron ne ba shi da murya.

Manhajar Audacity, wadda aka fara fitarwa a shekara ta 2000, kyauta ce kuma ba ta bukatar intanet bayan an sauke ta. Tana iya ɗaga sautin waƙa ko sauke shi ba tare da ta taɓa saurinta ba, tana kuma iya rage sauri ba tare da murya ta yi kauri ba. Buɗe waƙar, zaɓe ta gaba ɗaya, ɗaga sautinta da mataki biyu ko uku, ka gwada da 'yan yara kaɗan. Sai ka ajiye kwafi biyu, mai sannu don koyo da mai cikakken gudu don ranar da suka iya. Kada ka wuce gona da iri wajen ɗagawa, muryar mawaƙin takan koma abin dariya. Malami namiji ya tuna cewa muryarsa tana ƙasa da ta yara da nisa, don haka ya buga musu sautin farawa a manhajar fiyano kafin ya ce "mu je".

Mataki na 5: Naɗi muryarsu, su ji kansu

A ganina nan ne na'ura ta fi amfani, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Mai rerawa ba ya jin kansa kamar yadda wasu ke jinsa, saboda wani ɓangare na sautin ta ƙasusuwan kai yake isa kunnensa. Shi ya sa yara ke ɓarkewa da dariya ranar farko da suka ji muryarsu daga lasifika, wani ma ya rantse ba shi ba ne. Ƙyale su su yi dariyar, kada ka tsawata, a karo na biyu za su nutsu.

Ɗora wayar a kan tebur, taku uku ko huɗu daga layin gaba, kada ka riƙe ta a hannu domin motsin yatsu yana shiga. Naɗi baiti ɗaya da amshi, abin da bai wuce rabin minti ba. Kafin ka kunna, ba su abu ɗaya da za su kasa kunne a kai: "Shin tare muka fara?" ko "A ina muka ja numfashi?" Idan ka tambaye su ko ta yi daɗi, "eh" kawai za ka ji. Amma idan tambayar ta tsaya a kan abu guda, sai ka ga yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, na gefen taga sun riga mu shiga amshi." Su zaɓi gyara ɗaya, a sake rerawa, a sake naɗa, a kwatanta biyun. Wannan zagaye bai cika wuce minti goma ba, kuma yana yin abin da maimaita "ku rera da kyau" ba zai taɓa yi ba.

A farko ka naɗi aji gaba ɗaya ko rukuni. Kada ka ware yaro mai kunya ka kunna muryarsa a bainar jama'a, sau ɗaya ya isa ya rufe bakinsa har ƙarshen shekara. Ajiye naɗin makon farko da na makon ƙarshen zango, da suna da kwanan wata, domin shi ne shaidar ci gaba da za ka iya nuna wa shugaban makaranta da iyaye. Ka nemi izinin iyaye a rubuce, ka wadatu da murya ba tare da fuska ba, kada kuma naɗin ya fita zuwa shafukan sada zumunta.

Mataki na 6: Su ƙirƙiri nasu

Idan bugu ya zauna, kunne ya buɗe, sai a ba su allo. Chrome Music Lab, shafin intanet na wasa da kiɗa wanda Google ya buɗe a 2016, yana da sashen Song Maker: allo ne mai gidaje-gidaje, hagu zuwa dama lokaci, ƙasa zuwa sama hawan sauti, layi biyu na ƙasa kuma na ganga. Ba ya neman a buɗe asusu, amma sai da intanet. Shiga wurin saiti ka mayar da shi tsarin sauti biyar, wanda kusan duk abin da yaro ya taɓa a cikinsa zai yi daɗin ji, sannan ka tsayar da tsawon waƙar a gaɓa huɗu.

Ka ɗaure su da sharaɗi. Idan ka sake su, cika kowane gida da launi za su yi, ko su zana gida da mota, a ji hayaniya. Ce musu: sauti uku kacal, a fara a kuma ƙare a kan sauti ɗaya, a bar gida biyu fanko don hutu. Wanda ya gama dole ya rera abin da ya rubuta da bakinsa, abokinsa ya tafa masa. Yara biyu a na'ura ɗaya sun fi yaro ɗaya, domin gardamar da suke yi a kan wane sauti ya dace ita kanta karatu ce. Idan na'ura ɗaya ce tak, haska ta da majigi, a riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya.

'Yan aji biyar da shida za su iya gwada Scratch, manhajar koya wa yara ba kwamfuta umarni wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda za su jera umarnin "buga ganga, maimaita sau huɗu", su ga dangantakar amshi da maimaitawa. Masu iPad suna da GarageBand, manhajar haɗa kiɗa. Malamin da ya iya rubutun kiɗa kuma yana da MuseScore kyauta don buga wa yara takarda.

Idan za su saka abin ji a kunne, kai za ka saita ƙarar. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya sa wa yara iyakar desibel 75 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako. Gwaji mai sauƙi: yi wa yaron magana daga nisan hannu, idan bai ji ka ba, ƙarar ta yi yawa.

Mataki na 7: Horar da malamai

Bitar da aka saba yi ita ce ta yini guda: a tara malamai, wani ya nuna manhaja goma a majigi, a raba takardar shaida, a watse. Bayan mako biyu babu mai tuna inda ake dannawa. Masana harkar koyarwa Punya Mishra da Matthew Koehler sun bayyana a 2006 cewa malami yana bukatar sani iri uku a haɗe: sanin fannin, sanin koyarwa, da sanin na'ura. Malamin firamare yawanci gwani ne a na tsakiya, na farkon ne ke masa rauni, bitar kuwa sai ta tare a na ukun.

Don haka mai horarwa ya fara da mayar da malamai ɗalibai. Su tashi su taka, su tafa, a rage sautin metronom su ji yadda su ma suke gudu, a naɗi muryarsu su sha dariya. Manhaja ɗaya a zama ɗaya. Wanda ya ce shi ba shi da murya, a nuna masa manhajar gwada sauti, wadda ke nuna ko muryarsa ta hau ko ta sauka daga inda ake so, ya riƙa gwadawa shi kaɗai a gida minti biyar kullum. Waɗanda aka haifa ba sa iya bambance sauti kaɗan ne ƙwarai. Galibi rashin sabo ne, ko wata magana da wani ya yaɓa musu tun suna yara.

Sai gajeren gwajin koyarwa, dabarar da aka fara a jami'ar Stanford a 1963: kowane malami ya koyar da abokansa na minti biyar zuwa goma, a ɗauke shi a bidiyo, ya kalla, a ba shi shawara ɗaya ko biyu, ya sake. A cikin gwajin, mai horarwa ya zare igiyar lasifika da gangan a tsakiyar darasi. Malamin da ya taɓa ci gaba da tafi da murya a gaban abokansa ba zai daburce ba ranar da batir ya mutu a gaban yara arba'in.

Kada horon ya ƙare a ɗakin taro. Malamai biyu ko uku su shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su zauna a baya, kamar yadda malaman Japan suka daɗe suna yi, sannan su tattauna abin da yara suka yi. Su buɗe ma'ajiya ɗaya da za a riƙa zuba waƙoƙin da aka riga aka daidaita, kowace da sunan ajin da ta dace da shi, don kada kowa ya sake aikin da wani ya gama. Bayan wata guda mai horarwa ya kai ziyara aji da agogo a hannu, ya ƙirga minti nawa yara suka yi suna fitar da sauti da kansu, minti nawa kuma suna kallon allo ko jiran malam ya gama latse-latse. Idan na biyun ya fi yawa, a koma mataki na uku a darasi mai zuwa.