Yadda Ake Ɗaukar Karen Tsere Da Ya Yi Ritaya A Riƙe Shi

Ranar da na fara ganin Duna a wani gidan ajiye karnuka a arewacin Ingila, sai na tuna karnukan Buzaye na yankin Azawak: ƙafafu zara-zara, ƙirji mai zurfi, ciki a shafe. Irinsa ake kira greyhound, da su ake tsere a Ingila, Ailan da Ostireliya. A fage gudunsa kan kai kilomita 70 a awa, amma da ya shekara huɗu ko biyar sai a sallame shi, alhali yana iya kaiwa sha biyu ko fiye. Sauran shekarun nan sai an sami mai riƙe shi.

Kafin komai, ka zauna da iyalinka ku yi shawara. Mun saba da kare a tsakar gida ko ƙofar gida, yana cin ragowar tuwo. Wannan ba zai iya ba. Fatarsa siririya ce, gashinsa gajere, ba shi da kitsen da zai tare masa sanyin Ingila, don haka dole a ba shi wuri mai ɗumi a ciki. Gadi ma ba aikinsa ba ne, da wuya ka ji haushinsa. Idan batun ajiye kare a gida yana yi maka nauyi ta fuskar addini, ka tambayi malaminka tun yanzu, kada a kawo dabba sannan a mayar da ita.

In kun amince, sai ka nemi ƙungiyar da ke sama musu gida. Greyhound Trust, wadda aka kafa a 1975, tana da rassa a sassan Birtaniya. Za su tambaye ka awa nawa gidan ke zama ba kowa, akwai yara ƙanana, akwai kyanwa. Faɗi gaskiya, domin da amsarka za su zaɓa maka kare. Za su duba gidan, musamman tsayin shinge. Yawanci kafin a miƙa maka shi an yi masa fiɗiya da riga-kafi, an kuma sa masa 'yar na'ura mai ɗauke da lambar shaidarsa, kamar ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fata, wadda dokar Ingila ta wajabta tun 2016. Ka tabbata an mayar da rajistarta da sunanka.

Tanadi kaɗan ne: katifa mai laushi saboda ƙasusuwansa a fili suke, rigar sanyi, takunkumi, da abin wuya mai faɗi wanda ke tsukewa kaɗan in ya ja. Kansa bai fi wuyansa kauri ba, abin wuyan da aka saba da shi zamewa yake yi.

Makon farko ne ke neman haƙuri. Ka tuna cewa karen nan keji da fagen tsere kawai ya sani. Bai taɓa hawa bene ba, bai san talabijin ba, bai san gilashi ba. Duna ya tsaya a gindin matattakala yana rawar jiki, sai da na riƙa ɗaga masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kwana huɗu muna haka. Ka manna takarda a ƙofar gilashi daidai idonsa. Ka fitar da shi bahaya da asuba, bayan kowane abinci, da kafin kwanciya. Bai kuma taɓa zama shi kaɗai ba, kullum cikin 'yan uwansa yake, don haka ka fara barinsa na minti biyar, ka ƙara a hankali. A gaya wa yara: ba a taɓa shi yana barci. A kira sunansa daga nesa har ya buɗe ido, domin wasunsu kan zabura su kai cizo in an tashe su ba zato.

Mutane na ɗauka zai gajiyar da su da gudu. A'a, tafiyar minti ashirin safe da yamma ta ishe shi, sauran yinin barci ne. Sai dai kada ka kwance igiyarsa a fili. Hali zanen dutse ne. An horar da shi ya bi duk abin da ya gifta, kuma da ya hango kurege ko kyanwa ba zai ji kiranka ba, ba zai ga mota ba. Ka sa masa takunkumi har ka san halinsa da ƙananan karnuka. Ba ya cutar da shi, ya saba da shi tun yana tsere.

Abinci sau biyu a rana, kuma a bar tazarar awa guda tsakanin ci da guje-guje saboda murɗewar ciki, wadda kan kashe kare cikin awoyi. Ganin haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe ba rama ba ce, kada tausayi ya sa ka ƙibantar da shi.

Sai likitan dabbobi. Nemi wanda ya san irinsu, domin sakamakon gwajin jininsu ya bambanta da na sauran karnuka, wasu alluran barci kuma suna daɗewa a jikinsu. Haƙoransu kan lalace da wuri, ka riƙa goge masa da burushi da man goge haƙori na karnuka, ban da namu. In ka ga yana ɗingishi a kan kwalta amma lafiya lau a kan ciyawa, duba tafin ƙafarsa, mai yiwuwa kanta ce, wato taurin fata, ta fito, kuma likita ne zai cire ta.