Yadda za ka ci moriyar littattafan "da a ce" ba tare da kanka ya ɗau zafi ba

Ƙanena ne ya ishe ni da tambaya tun ranar da ya ga wani littafin kimiyya mai amsa tambayoyin "da a ce kaza ya faru" a hannuna muna jiran mota a Kawo, wai yaya ni fa na gwada irin waɗannan littattafan kimiyyar amma shafi biyar nake ajiyewa. Toh ga yadda ni nake yi, duk mai so ya ɗauka.

Da farko kar ka ce sai ka fara daga bango zuwa bango, ba littafin soyayya ba ne. Irin su What If? na Randall Munroe da ya fito a 2014, mutumin da ya taɓa aiki a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kafin ya koma zanen barkwanci, kowane babi tambaya ce mai zaman kanta, ka duba jerin ka zaɓi wadda ta ba ka dariya. Akwai wadda aka tambaye shi da a ce duniya ta tsaya cak ta daina juyawa amma iska ta ci gaba da gudunta me zai faru, kuma ka san mu nan Kaduna ƙasar da muke takawa tana juyawa da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, kaga ke nan ba rufin kwano kaɗai zai tashi ba.

Abun da ya fi komai shi ne biro da takarda. Kafin ka karanta amsar marubuci rufe littafin ka yi naka kirdadon, ko da shirme ne. Misali wata yana nesa da mu kusan kilomita 384,000, da a ce akwai titi har can kuma direban ba ya tsayawa sallah ko shan mai, yana taka 100 a awa, raba kawai za ka samu awa 3,840, wato kwana 160, wata biyar da ɗoriya kana cikin mota. Ni wlh ranar da na fara yin wannan lissafin da kaina na fi jin daɗinsa a kan wanda na karanta. Haka masanin kimiyya Enrico Fermi ya yi a gwajin bam ɗin nukiliya na farko a 1945, ya saki guntayen takarda ya ga inda iskar fashewar ta kai su, daga nan ya ƙiyasta ƙarfin bam ɗin, bai faɗa daidai ba amma bai yi nisa can ba. Kuma tunda yawancin marubutan Amurkawa ne za ka yi ta karo da mil, ninka da 1.6 ya koma kilomita a wuce wurin.

Su kuma littattafai masu maganar fasahar gobe sai ka ɗan yi taka-tsantsan. Duba shekarar da aka buga littafin tukuna. Soonish na Kelly da Zach Weinersmith 2017 ne, suna maganar haƙo ma'adinai a duwatsun sararin samaniya da buga sassan jikin mutum da na'ura, to abubuwa da yawa sun motsa bayan nan, ko ChatGPT sai ƙarshen 2022 ya fito, don haka duk abin da aka ce "ya kusa" leƙa intanet ka ga ina aka kwana.

Sai dabarar da na aro wajen masanin kimiyya Michio Kaku a littafinsa Physics of the Impossible na 2008, ya raba abubuwa kashi uku: wanda ba a iya ba yanzu amma bai saɓa wa dokokin kimiyya ba, wanda sai bayan dubban shekaru ko fiye, da wanda ya ci karo da dokokin gaba ɗaya kamar injin da zai yi ta aiki har abada ba a ba shi makamashi. Ni a gefen shafi nake rubuta 1, 2 ko 3. Wannan na ukun ne ya cece ni kwanaki da aka turo bidiyon janareta mara mai a gurup ɗin unguwarmu ana ta masha Allah har ana neman a haɗa kuɗi, na ce a tambayi mai shi ina wutar take fitowa, in ba rana ba batir ba mai. Har yau bai ba da amsa ba.

Turancin in ya yi maka nauyi tsallake kalmar, zanen da lambobin za su riƙe ka. Littafin kuwa in kuɗin sabo ya fi ƙarfinka zagaya wajen masu tsofaffin littattafai a kasuwar Sheikh Gumi ko ku haɗa ku uku ku saya, nawa dai yana hannun ƙanena wata biyu ke nan bai dawo ba.